Kwalbar Rigachikun

A kan iyakar Kamaru aka fara zazzage mana kaya, kuma tun daga nan tafiyar ta karkace, ko da yake ba mu gane ba sai daga baya.

Mu biyu ne. Ni Lawal, mai gyaran agogo a Unguwar Kanawa ta Kaduna, da Dakta Shu'aibu, tsohon malamin jami'a wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan ƙwarin ruwa. Agogonsa ne ya haɗa mu. Ya kawo gyara, ya tsaya yana kallon yadda nake ɗaukar ƙananan kusoshi da hantsaki, sai ya ce hannunsa ya fara rawa, ciwon suga kuma yana cin idonsa, yana neman wanda zai ara masa hannu. A lokacin sana'ata ta mutu a tsaye, kowa a waya yake duba lokaci. Duk da haka ban amsa ba sai da na tambayi limaminmu na Rafin Guza ko ya halatta a kashe ƙwaro don neman ilimi. Ya ce ya halatta. Washegari na koma na sake tambayarsa da wasu kalmomi, don ina tsoron ban faɗi tambayar daidai ba a karon farko. Haka Allah ya yi ni. Alwala ma ina iya gama ta in tsaya ina tunanin ko na wanke gwiwar hannun hagu.

Ƙwarin da Dakta yake bi su ne baƙaƙen nan masu sheƙi da suke kewaya a saman ruwa kamar an murɗa musu zare. Muna yara 'yan juyi muke ce musu, ban san ko haka ake kiran su a wasu wurare ba. Ɗaya bai fi ƙwayar irin kankana ba. Dakta ya nuna mini cewa kowane idonsu a rabe yake biyu, rabi yana kallon sama, rabi yana kallon cikin ruwa. Yakan yi dariya ya ce ƙwaro mai ido huɗu ya samu mai bincike mai ido ɗaya da rabi.

Suna da iri-iri, kuma wasu sun yi kama da juna har ba a raba su da launi ko girma. A aikin Dakta, in an ce iri ɗaya, ana nufin waɗanda suke haihuwa da juna, ba waɗanda suka yi kama kawai ba. Wani lokaci bambancin yana ƙarshen fiffike. In ya ɓuya a nan, sai a koma ga namiji, wanda ake gane shi da faɗin ƙafafunsa na gaba, a sa allura ta ƙarshen cikinsa a zaro abin da Allah ya yi shi namiji da shi, a duba siffar bakinsa. Wannan ne aikina. Matan kuwa sau da yawa ba a gane su sai da mazan da aka kama su tare. Da Turanci Dakta yake kiran sunan wannan gaɓa, ko ƙifta ido ba ya yi, kamar yana cewa cokali. Ban taɓa jin ya faɗe ta da Hausa ba. Tsakaninmu "abin" muke cewa. Matata Rabi ta san dai ina taya Dakta duba ƙwari, ban ƙara mata komai a kai ba.

Abin da ya fitar da mu daga gida wata 'yar kwalba ce. Tun Dakta yana matashi ya kamo wasu 'yan juyi a wani rafi bayan Rigachikun, ya ga abin nasu bai yi kama da na kowa ba. Masana na waje suka ce masa ai irin da aka daɗe da sani ne daga tsaunukan Ngaundare a Kamaru, sai in ya kamo na can ya ajiye su gefe da gefe ya nuna bambanci. Aiki da iyali suka riƙe shi. Kafin ya waiwayo, masu ɗibar yashi da masu bulo sun cinye rafin, gidaje sun hau kansa. Waɗanda ya ajiye a ofis kuma suka lalace a wani dogon yajin aiki, ɗaki a kulle, sifirit ɗin da ake jiƙa su a ciki ya ƙafe, funfuna ta cinye su. Kwalba ɗaya ta tsira, wadda ya kai gida. Ƙwarin cikinta ba su cika cokalin shayi biyu ba, da ɗan guntun takarda a ciki an rubuta Rigachikun da fensir. Ya ce yana so ya ga biyun da idonsa kafin idon ya rufe, in sun bambanta ya rubuta, duniya ta san an taɓa yin wannan halitta a Kaduna. Wani abokin aikinsa a Ngaundare ya yi masa alkawarin na'urar ƙara girma mai kyau. Shi ya sa muka taho da kwalbar.

To, a kan iyaka, wani jandarma ya buɗe jarkar sifirit ɗinmu ya sunsuna. Ya dube ni, ya nuna tabon sallah da ke goshina, ya faɗi wani abu da Faransanci, sauran suka kwashe da dariya. Wani Bahaushe mai canjin kuɗi da ke zaune a wurin ya fassara mini ba tare da na roƙe shi ba, wai ya ce ga goshin liman, ga jarkar mashaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dama sifirit ɗin nan ya daɗe yana damuna, don dangin giya ne. Rigar aiki daban nake da ita, ta sallah daban, a leda daban, ko ɗigo ya taɓa ni sai na wanke wurin. Dakta ya nuna takardunsa, ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Suka riƙe jarkar. Wani a cikinsu ya ɗauki kwalbar Rigachikun, ya ɗaga ta a rana, ya murɗa murfin da ƙarfi ta inda ba a murɗawa. Na ji wani ɗan ƙara, irin wanda gilashin agogo yake yi in ya tsage. Da muka wuce na gaya wa Dakta. Ya shafa murfin da babban yatsa ya ce lafiyarsa ƙalau. Na naɗe shi da leda na ɗaure da kyauro, na sa kwalbar a aljihun ƙirjina.

Garin Garwa, inda za mu canza mota, zafi ne da ƙura da babura. A tasha wani mutum ya tare mu da Hausar Kano tsantsa, ya fi ni iya ta. Ya ce shi ɗan gida ne, ba zai bari a cuci 'yan uwansa a ƙasar mutane ba. Ya karɓi jakar Dakta, ya riƙe masa hannu a tsallaken titi, ya kai mu wani shago a lungu inda aka fito mana da sifirit a robobi, bakinsu a liƙe. Raina bai kwanta ba. Amma ni raina ba ya kwanciya da komai, har ni kaina na daina sauraron kaina. Muka saya. Mutumin ya raka mu har bakin mota, ya yi mana addu'a mai tsawo, muka shafa.

A garin nan kewar gida ta fara kama ni. Kiran sallah irin namu ne, fuskoki irin namu, riguna irin namu, amma in na yi sallama sai a amsa, a ci gaba da Fulatanci, in tsaya kamar kurma. Layin wayata ya daina aiki. Ƙarshen damina ne, gidanmu kuma yana gangare ta wajen kogi. Duk hadarin da na gani sai in ce ko Rabi ta tuna ta ɗora buhun masara a kan benci, ko ta kwashe takalman yara daga tsakar gida. Na san ta fi ni hankali. Sanin bai hana ni komai ba.

Daga Garwa mota ta yi ta hawa da mu, hanya tana naɗewa a jikin dutse, kunnuwana suka toshe. Muka iske Ngaundare cikin sanyi da yayyafi, jar ƙasa, itatuwan turare dogaye. Muka wuce kai tsaye ma'aikatar da abokin Dakta yake. Aka ce ya yi tafiya. Ɗakin na'urar a kulle, makulli yana wurinsa. Matar da ke ofishin ta ce mu dawo gobe. Muka dawo goben, ta ce gobe. Wayarsa tana shiga ba a ɗauka. Dakta bai zage shi ba, ya ce wataƙila uzuri ne, amma na ga yadda yake zama a bencin ƙofar ofishin, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan, yana auna abin da ya rage masa.

Wani ɗan acaɓa ne ya ji muna Hausa ya kai mu gidan Hajja Dija, wata tsohuwa mai ɗakunan baƙi a unguwar Hausawa. Ta ce kakanta daga Zazzau ya zo fataucin goro bai koma ba. Hausarta ta sha Fulatanci, takan ce wa namiji "ke" ta ce wa mace "kai", ba ta damu ba. Ni ta ce mini ɗanta, Dakta kuma Modibbo, wato malam. Da ta ga ina rawar sanyi ta fito da bargon mijinta marigayi ta ba ni. Da ta ji Dakta yana da suga ta daina sa masa a kunu, ta riƙa dafa masa ganye daban. Ta ara mini wayarta na kira Rabi, na ji ruwa bai shiga gida ba, buhun masara yana kan benci tun ranar da na tafi. Ban taɓa zama a gidan da ba namu ba na ji an riƙe ni haka.

Da muka gaji da jiran makulli, Dakta ya ce mu je rafin da aka ce 'yan juyin Ngaundare suke. Yana bayan gari, a gindin wani tudu, tsakanin gonakin masara. Ruwan garau, mai sanyi. A wata kwana inda ruwa ya lafa a ƙarƙashin itace na hango su, tari guda, suna juyi suna sheƙi. Na ce, "Dakta, ga su nan." Ya ce in faɗa masa yadda suke. Na ce kamar an watsa 'yan kunne a faranti ana girgizawa. Ya cire takalmi. Na roƙe shi ya tsaya a bakin ruwa, likita ya hana shi tafiya ba takalmi, ya ce ya yi shekaru yana mafarkin rafin nan, ba zai tsaya a gefe kamar baƙon biki ba.

Kama su sai da dabara. In inuwarka ta faɗa kansu sun watse, in ka sa raga ta ƙasa sun gan ta, sai su nutse da ɗan kumfan iska a bayansu. Sai ka tsaya cik har su manta da kai, sannan ka share saman ruwan da sauri. Na kamo da yawa, na juye su a babbar kwalba, yatsuna suka ɗauki warin farin ruwan da suke fitarwa. Dakta ya rubuta Ngaundare da fensir a guntun takarda, manyan baƙaƙe, ya jefa a ciki. Ranar ce kaɗai na ji yana waƙa. A hanyar komawa na ga jini a dugadugansa. Wani abu ya yanke shi a cikin ruwa, bai ko ji ba.

Bayan la'asar muna zaune a tabarma a tsakar gida, kwalaben biyu a gabanmu, Hajja ta kawo shayi. Ta durƙusa ta leƙa babbar, ta leƙa ƙaramar. Ta ce tun daga Kaduna muka taso saboda waɗannan? Dakta ya ce eh. Ta sake dubawa.

"To Modibbo, mene ne bambancin na wannan da na wannan?"

Dakta ya buɗe baki ya rufe. Ya juyo wajena, ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Matar nan ta isa ta haife ni, shi ma ta girme shi, ga jikokinta mata suna tsince shinkafa a gefe. Mutumin da ya yi shekaru yana bayanin abin nan a gaban ɗalibai maza da mata, da allo da alli, ya rasa kalma ɗaya ta Hausa da zai iya ajiyewa a gaban tsohuwar nan. Ya yi 'yar dariya.

"Ai Hajja, kusan duk iri ɗaya ne."

Ta ce ita ma haka ta gani. Ta tashi ta koma madafa.

Maganar ta tsaya mini a rai. Na ce wa Dakta ko in je in gyara mata, in ce ba iri ɗaya ba ne, ko da ban faɗi dalili ba. Ya ce in na faɗi haka za ta sake tambaya, sannan in ce mata me? Ya ce in bar tsohuwa ta huta, ba jarrabawa za ta rubuta ba.

Dakta ya so mu jira na'urar kafin mu taɓa ko ɗaya, don na Rigachikun ba su da yawan da za a yi kuskure da su. Muna cikin jira ruwan babbar kwalbar ya fara yin fari-fari. Ƙwarin suka kumbura, baƙinsu ya koɗe ya koma ja-ja kamar na tsofaffin. Dakta ya ɗiga sifirit ɗin Garwa a cokali ya sa na ƙyasta ashana. Da ƙyar ya kama, ya mutu ya bar ruwa a cokalin. Ɗan gidan nan namu ya sayar mana da ruwa. Ban sami lokacin baƙin ciki ba, don a ranar ƙafar Dakta ta kumbura har idon sawu, zazzaɓi ya rufe shi. Kafin mu tafi asibiti na ajiye kwalaben a bakin tagar ɗakinmu, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Na fita, na dawo na duba, na sake fita, na sake dawowa, har mai motar da zai kai mu ya yi mini tsawa.

Zaman asibitin ba na son tuna shi. Ba na jin Faransancin da likita yake yi, sai in kalli fuskarsa in yi ta fassara ta yadda ya fi muni. A kan benci nake kwana, ina ta tunanin in Dakta ya cika a nan yaya zan kai shi gida, me zan ce wa iyalinsa. Hajja tana aiko mana da abinci kullum. Akwai wata nas Kirista, 'yar kudancin ƙasar, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ta ga ina nuna kwalbar sifirit ɗin da suke goge wurin allura da shi, Dakta ya yi mata bayani cikin zafin jiki, washegari ta kawo mini sifirit cike da robar ruwa daga gidanta, ta ƙi karɓar komai. Na ɗiga a hannu, ya yi sanyi ya bushe nan take. Na kama hanyar gida da hantsi ina murna zan canza wa ƙwarin ruwa.

Hajja ta tare ni a zaure, fuskarta cike da fara'a.

"Lawal ɗana, Allah ya taimake ku na shiga share muku ɗaki. Ƙaramar kwalbar nan ta tsiyaye duka, 'ya'yan Modibbo sun kusa bushewa. Na juye su cikin 'yan uwansu."

Ta kai ni ta nuna mini. Ƙaramar tana kife a kan turmi, ta wanke ta da sabulu tana shan rana. A cikin babbar, guntayen takarda biyu suna yawo tare, Rigachikun da Ngaundare, ƙwarin kuma sun kwanta a ƙasa, launi ɗaya, girma ɗaya. Na tsaya riƙe da robar sifirit. Da ta bar su sun bushe, da ba abin da ya same su, busasshen ƙwaro yana jiƙuwa. Ta tambaye ni ko ta yi daidai. Na ce Allah ya saka da alheri.

Na koma asibiti a ƙasa, ban hau babur ba, don in sami lokacin shirya magana. Ban shirya komai ba. Na zauna a bakin gadon na faɗa masa yadda abin ya faru. Ya saurara har na gama, yana fuskantar silin. Sannan ya ce kada in kuskura in gaya mata.

"Ni ta tambaya, Lawal. Ni na ba ta amsa."

Ƙafar ta warke, ba a yanke ta ba, alhamdu lillahi. Amma kafin a sallame mu jini ya zuba a cikin idonsa mai ɗan gani. Ya ce yanzu duniya kamar ana kallon ta ta cikin zoɓo. Yana gane taga, ba ya gane fuska. Abokin nasa bai dawo ba har lokacin, mu ma muka daina zuwa.

Wata safiya da Hajja ta tafi kasuwa da jikokinta, ya ce in fito da kayan aiki. Na shimfiɗa farin ƙyalle a inda rana take, na maƙala gilashina na agogo a ido, na juye babbar kwalbar na ware mazan. Na riƙa zaro abin ɗaya bayan ɗaya ina jerawa. Yawancinsu bakinsu siriri ne mai tsini kamar allura. Can sai na ci karo da wani daban, bakinsa da faɗi, da 'yar tsaga a tsakiya kamar kofaton akuya. Na goge gilashin na sake dubawa. Na ci gaba, na sami wasu 'yan kaɗan irinsa. Na rasa yadda zan kwatanta masa da baki. Sai ya miƙo hannu ya buɗe tafinsa.

Na juya allurar, na zana masa na farko da gindinta a hankali. Ya ce to. Na zana na biyu, na yi faɗin, na yi tsagar. Kafin in ɗaga allurar ya dunƙule hannunsa a kanta.

"Wannan nawa ne," ya ce. "Na Rigachikun ne."

Na ji daɗi har hawaye ya zo mini. Na ce to ai shi ke nan, sun bambanta, sai ya faɗa a rubuta. Ya ce shi ya sani, amma masu karantawa za su tambaya ta yaya aka san ba a rafin Ngaundare aka kamo masu tsagar ba, tunda iri biyu suna iya zama a ruwa ɗaya. Matan kuwa an riga an rasa su, ba mai iya cewa wannan ta wane ce. Na ce tsofaffin ai sun fi laushi. Ya ce ruwan Garwa ya lausasa sababbin ma. Hannunsa yana nan a dunƙule. Sannan ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Kai ka riƙe ragar. Za ka iya rantsewa babu mai tsaga ko ɗaya a cikin waɗanda ka kamo?"

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ba tambayar malami ba ce, roƙo ne. Na san in na ce eh zai rubuta, kuma ba wanda zai taɓa kama mu. Zuciyata ma tana gaya mini cewa na Rigachikun ne, yawansu ya yi daidai da abin da nake tunawa. Amma na tuna yadda nake juye ragar a kwalba, tari guda, suna tsalle, ban duba ko ɗaya ba. Na nemi yaƙini a raina kamar yadda nake neman sa a alwala, ban same shi ba.

"Ba zan iya ba, Dakta."

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe hannun ya miƙo mini allurata, ya ce in tattara kayan kafin su dawo daga kasuwa.

Ranar da za mu tafi Hajja ta rako mu har bakin titi. Ta ba ni zuma in kai wa Rabi. Sannan ta fito da ƙaramar kwalbar daga haɓar zanenta, ta cika ta da man shanu, ta ce a riƙa shafa wa Modibbo a ƙafa, ta ga yana son kwalbar. Dakta ya karɓa da hannu biyu, ya shafa murfin, yatsansa ya tsaya a kan tsagar da jandarman ya yi. Ya yi mata godiya sosai, ya ce ta yi mana abin da 'yan uwa ba su yi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ta ce in Allah ya sa aikin ya fito a littafi a aiko mata ta gani, ko ba ta iya karatun boko ba. Ya ce in sha Allahu. Kafin mu sauka Garwa man ya narke ya ɓata masa aljihu.

Bayan mun dawo Kaduna na koma teburina a Unguwar Kanawa, ina canza batir, ina gyara tocila in an kawo. Da damina ta zagayo Dakta ya sa ɗansa ya ɗauke mu a mota zuwa Rigachikun. Shi ya riƙa faɗin hanya daga ƙwaƙwalwarsa, a bi ta nan, akwai tsamiya a dama. Babu tsamiyar. Muka sami wata kwata tsakanin katangu biyu, ruwan baƙi, leda ta toshe shi. Wani dattijo a wurin ya ce nan ne rafin yake a da. Na durƙusa na duba. Akwai abin da yake sheƙi a saman ruwan, amma baƙin mai ne.

Dakta yana tsaye riƙe da ƙofar mota ya ce, "Akwai?"

Na ce babu.

Ya ce in duba dai da kyau, suna son inuwa. Na bi kwatar har inda ta shige ƙarƙashin wani gida, na dawo na ce masa babu.

Babbar kwalbar tana wurina yanzu, shi ya ce in riƙe. Ina canza mata sifirit a kan lokaci, da rigar aiki, takardun biyu suna ciki yadda Hajja ta bar su. Har yau wani lokaci ina cikin sallah sai tambayarsa ta dawo mini, in rasa raka'a ta nawa nake. Ran Juma'a nakan je gaishe shi. Ba ya maganar Kamaru, ni ma ba na yi. Amma in mun gaisa, iyalinsa sun fita sun bar mu, yakan ɗora hannunsa a gwiwa ya buɗe tafin. Ni kuma in matso in zana masa da ɗan yatsa, in yi faɗin, in yi tsagar.